Babi na Bakwai: Memfis, Garin Hayaƙi da Kiɗa

Memfis birni ne da ke kusurwar kudu maso yammacin jihar Tenesi ta Amurka, a kan wani tudu mai kallon kogin Misisipi. An kafa shi a 1819, aka raɗa masa sunan tsohon birnin Fir'aunonin Masar na bakin Nilu. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa sun ɗan haura 630,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku baƙar fata ne.

Yawancin baƙin da ke sauka a garin neman kuɗi ne ke kawo su. A nan kamfanin FedEx ya fara aiki a watan Afrilu na 1973 da ƙananan jirage 14, kuma har yau filin jirgin saman Memfis na cikin mafiya hada-hadar kaya a duniya. Da tsakar dare, lokacin da gari ya yi barci, jiragen dakon kaya ke sauka ɗaya bayan ɗaya, a rarrabe ƙunshe-ƙunshe, su sake tashi kafin asuba. Hedikwatar International Paper da ta AutoZone duk a nan suke, haka kuma asibitin St. Jude, mai bincike kan cutar daji ta yara, wanda aka buɗe a 1962. Wanda ya zo taro ko ƙulla ciniki yakan yi kwana biyu ko uku, kuma da wuya ya bar garin masu masaukinsa ba su kai shi wurare biyu ba: gidan gashin nama da rana, titin Beale da dare. Memfis da waɗannan biyu take taƙama. Abin da ba kasafai ake faɗa wa baƙo a bakin teburi ba shi ne, hayaƙin da kiɗan daga hannun mutane ɗaya suka fito, kuma hali ɗaya ne ya haife su.

Auduga ce mafari

Kudu da Memfis akwai wani shimfiɗaɗɗen fili mai baƙar ƙasa da ake kira Delta, wanda ambaliyar Misisipi ta yi ta zuba wa taki shekaru aru-aru. Auduga na yin kyau a wurin ƙwarai. Kafin yaƙin basasar Amurka bayi ne ke noma ta, Memfis kuwa ita ce kasuwa, ta auduga da ta bayin kansu. Nathan Bedford Forrest, wanda daga baya ya zama janar ɗin 'yan Kudu, fataucin bayi yake yi a titin Adams a shekarun 1850, kuma sai a Disambar 2017 aka cire mutum-mutuminsa daga wani dandalin birnin. Bayan an 'yanta bayi a 1865, yawancinsu suka koma noma gonakin tsofaffin iyayen gijinsu bisa sharaɗin a raba amfani, ga bashin iri da na abinci da ba ya ƙarewa. Duk wanda ya gaji da wannan rayuwa, Memfis ce birni na farko da zai tarar in ya nufi arewa.

A 1878 annobar shawara ta kashe mutum sama da 5,000 a birnin. Masu hali suka gudu, baƙar fata da yawa suka zauna suka yi jinya da binne gawa. Wani daga cikinsu, Robert Church, wanda aka haifa cikin bauta, ya yi ta sayen filaye da gidajen da darajarsu ta faɗi, musamman a titin Beale. Da gari ya farfaɗo, titin ya zama cibiyar baƙar fata: shaguna, coci-coci, ofisoshin likitoci, gidajen rawa da na caca. A kan wannan titi 'yar jarida Ida B. Wells ta riƙa fitar da jaridarta, har 1892 da aka farfasa ofishinta saboda rubutun da ta yi kan kisan gillar da ake yi wa baƙar fata.

Yadda ake gashin

Gashin da mutanen Amurka ke kira barbecue ba a kan harshen wuta ake yin sa ba. Zafi kaɗan ake so, wajen digiri 110 a ma'aunin Salshiyos, da lokaci mai tsawo. Ana hura itacen hickory ko gawayi a gefe ko can ƙasa, a ɗora nama nesa da garwashi, a rufe, hayaƙi ya yi ta ratsa shi. Karfata kan ɗauki awa 12 ko fiye. A tsawon wannan lokaci jijiyoyi da tantanin da ke sa nama tauri suna narkewa, kitse ya tsiyaye, bayan naman ya yi baƙin ɓawo mai ƙamshi, cikinsa kuwa ya yi laushin da za a iya yagawa da yatsa. Mai gashi yakan kwana a bakin murhu. Ba ya yawan buɗe murfi don kada zafi ya tsere. Launin hayaƙi yake kallo, siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi shi ne daidai, fari mai kauri kuwa alama ce wuta ta shaƙe, kuma nama zai yi ɗaci.

Dalilin wannan doguwar wahala a fili yake. Sassan da suka fi araha su ne masu tauri, kuma su ne talaka ke iya saye. Asalin dabarar ɗora nama a kan itace bisa rami daga 'yan asalin nahiyar aka gan ta, dabbar kuwa Turawa ne suka kawo. Hernando de Soto, ɗan Sifaniya da ya ƙetare Misisipi a 1541 a kusa da wannan yanki, da garken aladu yake tafe. Amma waɗanda suka haƙa ramukan, suka sare itacen, suka kwana suna juya nama a bukukuwan masu gonaki da tarukan 'yan siyasa, bayi ne, sannan 'ya'yansu da jikokinsu. Marubuci Adrian Miller ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa Black Smoke na 2021, saboda ya ga ana neman mantawa da su yanzu da sana'ar ta zama ta kuɗi da talabijin.

Memfis ta yi suna da abu biyu. Na farko haƙarƙari, wanda ake yi iri biyu, jiƙaƙƙe da busasshe. Jiƙaƙƙen ana shafe shi da miyar tumatir mai zaƙi da ɗan tsami tun yana kan wuta. Busasshen kuwa garin yaji ake barbaɗa masa, na jan tattasai da tafarnuwa da masoro da gishiri da wasu ganyaye, kamar dai yadda mai tsire ke yi in ya sauke nama daga wuta, sai dai babu ƙuli-ƙuli a ciki. Gidan da ya fito da busasshen shi ne Rendezvous, wanda Charlie Vergos, ɗan baƙi daga Girka, ya buɗe a 1948. Yana cikin wani lungu daura da otal ɗin Peabody, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma tun daga bakin lungun ake jin hayaƙi. Vergos ya tarar da tsohuwar kafar zuba kwal a ginin da ya fara buɗewa ya mayar da ita mafitar hayaƙi. Masu tsattsauran ra'ayi kan ce nasa ba gashin gargajiya ba ne, tunda a kan gawayi yake yi kuma bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba, amma wannan gardama ba ta rage masa ciniki ba. Na biyu shi ne yankakkiyar karfata a cikin burodi, da kwaɗon kabeji a kai. A Memfis ba a tambayar mutum ko yana son kabejin. Wanda ba ya so shi ke faɗa.

Gidajen da 'yan gari suka fi yabawa ba a tsakiyar birni suke ba. Payne's, da ke titin Lamar, a tsohon gidan mai aka buɗe shi a 1972, kuma daga inda mai saye yake tsaye yana jin sarar wuƙa a kan katako. Cozy Corner na iyalin Robinson ne tun 1977, an san shi da gasa 'yar ƙaramar kaza sukutum, kuma a 2020 aka shigar da uwar gidan, Desiree Robinson, cikin jerin gwanayen gashi na ƙasa baki ɗaya. Akwai ma wani abinci da ba a cika samun sa a wani gari ba, taliya da aka cuɗa da miyar gashi da yagaggen nama, wanda ake danganta shi da Brady Vincent, tsohon kukun jirgin ƙasa. A watan Mayu kuma ake gasar gashi ta duniya, wadda aka fara a 1978. Ƙungiyoyi sama da 100 kan kafa rumfuna, amma dokar lafiya ta hana su sayar wa jama'a, sai wanda aka gayyata ke ci. Saboda haka kamfanoni ke ɗaukar nauyin rumfa su kai abokan cinikinsu, kuma ciniki da yawa a bakin murhu ake ƙarasa shi.

Baƙo Musulmi a teburin Memfis

Naman da ake nufi a kusan duk abin da ya gabata na alade ne. A Teksas saniya ce sarauniyar murhu, a Memfis kuwa in an ce haƙarƙari ko karfata ba a ƙara komai ba, to alade ake nufi. Musulmin da ya zo harkar kasuwanci ya kamata ya san haka tun kafin a ɗauke shi zuwa cin abincin rana, ya kuma faɗa wa mai masaukinsa da wuri. Mutanen Kudancin Amurka na girmama baƙo, kuma ba sa jin haushin wanda ya ce addininsa ya hana shi wani abu; abin da ke sa su jin kunya shi ne su gane a makare.

Yawancin gidajen na sayar da kaza da talotalo da naman sa, Rendezvous ma na da haƙarƙarin rago. Amma akwai tambayoyi biyu da ba su da makawa: wa ya yanka, kuma a kan wane ƙarfe aka gasa? Sau da yawa murhu ɗaya ne, maiƙon na sama na ɗiga a kan na ƙasa. Waken da ake kawowa a gefe galibi da guntayen alade ake dafa shi, ganyen da ake dafawa ma haka. Wanda ke son ya huta da shakka yakan nemi soyayyen kifin tarwaɗa, wanda shi ma abincin bakin Misisipi ne na asali, ya tambayi irin man da aka soya shi da shi. Garin na da masallatai da shagunan naman halal, kuma garin yajin gashin ana sayar da shi a kwalba, ana iya tafiya da shi gida a gwada a kan rago.

Daga Beale zuwa Union

W. C. Handy, makaɗin ƙaho mai ilimin rubuta kiɗa, ya ba da labarin cewa wajen 1903, yana jiran jirgi a tashar Tutwiler ta Misisipi, ya ji wani mutum cikin tsumma yana goga wuƙa a kan tsirkiyar jita yana waƙa. Sautin bai bar kunnensa ba. A 1909 ya tsara wa ɗan takarar magajin garin Memfis E. H. Crump kiɗan yaƙin neman zaɓe, a 1912 ya buga shi a takarda da sunan The Memphis Blues. Ana kiransa uban kiɗan blues, amma ba shi ya ƙirƙira ba. Masu ƙirƙirar suna gonakin auduga da sansanonin gina ganuwar kogi, ba wanda ya rubuta sunayensu. Handy ya sa kiɗan a takarda ne, ya kai shi inda ake biyan kuɗi.

A shekarun 1920 makaɗan titin Beale da abin da hannu ya samu suke kiɗa. Wani ya hura bakin tulu ya fitar da amo mai kauri, wani ya kankari allon wanki da ƙarfe a yatsu, ga jita da ƙaramar sarewar baki. Memphis Minnie, mace mai jita, ta gagari maza da yawa a wannan fage. A 1949 gidan rediyon WDIA ya zama na farko a Amurka da ya mayar da dukan shirye-shiryensa ga masu sauraro baƙar fata, kuma a nan wani saurayi direban tarakta daga Misisipi, Riley King, ya samu aikin gabatar da shiri. Duniya ta san shi da B. B. King.

Titin Beale na yau ba wancan ba ne. A ƙarshen shekarun 1960 da cikin shekarun 1970 hukuma ta rushe yawancin unguwar da sunan gyaran birni, aka watsa mazaunanta. An sake buɗe 'yan layukan da suka rage a 1983 don masu yawon buɗe ido. Akwai makaɗa na ƙwarai a ciki har yanzu, amma wurin mashaya ne da fitilu masu walƙiya da shagunan tsaraba. Wanda ke da awa biyu kacal bayan taro zai fi ƙaruwa in ya nufi lamba 706 a titin Union.

Nan Sam Phillips, wani Bature ma'aikacin rediyo daga Alabama, ya buɗe ɗakin ɗaukar murya a 1950, wanda aka fi sani da Sun Studio. Ɗaki ɗaya ne ƙarami, kuma har yau fale-falen da ya manna a bango da rufi don tsare amo suna nan. Phillips ya buɗe ƙofa ga mawaƙa baƙar fata da ba su da inda za su: Howlin' Wolf, B. B. King, Rufus Thomas. A 1951 Ike Turner da yaransa suka zo daga Clarksdale, lasifikar jitarsu ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda aka ɗauka a haka. Wannan ƙarar mai gurnani ta fito a faifan Rocket 88, wanda da yawa ke ƙirgawa a matsayin farkon rock and roll. A watan Yuli na 1954 wani direban babbar mota ɗan shekara 19, Elvis Presley, ya rera That's All Right a ɗakin. Da aka sa faifan a rediyo, mai gabatarwa ya tambaye shi makarantar da ya yi, don masu sauraro su gane farar fata ne, tunda makarantu a rabe suke. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka Phillips ya sayar da kwantiragin Elvis ga kamfanin RCA a kan dala 35,000. Elvis ya sayi gidan Graceland a 1957, kuma tun da aka buɗe shi ga jama'a a 1982 dubban ɗaruruwan mutane ke ziyartarsa duk shekara. Arthur Crudup, baƙar fatan da ya tsara waccan waƙa ya fara rera ta a 1946, ya mutu a 1974 yana bin haƙƙinsa bai samu ba. Ba daidai ba ne a ba da labarin ɗaya a bar ɗayan.

Stax da Lorraine

A kudancin birni, a lamba 926 titin McLemore, akwai wani tsohon gidan silima da Jim Stewart da yayarsa Estelle Axton, dukansu farar fata, suka mayar ɗakin ɗaukar kiɗa a tsakiyar unguwar baƙar fata. Kamfanin ya ɗauki sunan Stax a 1961. Daɓen silimar a gangare yake, ba su da kuɗin daidaita shi, sai ya zama shi ne ke ba faifansu wani amo mai zurfi da ba a samu a wani wuri ba. Estelle na sayar da faya-fayai a shagon gaba, tana lura da wanda ke sa yaran unguwa rawa, ta koma ciki ta faɗa. Makaɗan gidan, Booker T. and the M.G.'s, biyu baƙaƙe ne biyu farare, a garin da doka da al'ada suka hana su cin abinci a teburi ɗaya. Su suka yi wa Otis Redding da Sam and Dave da Carla Thomas kiɗa. Wannan shi ne soul na Memfis, muryar coci da aka fito da ita titi, ga ƙahoni na amsa wa mawaƙi kamar 'yan amshi. Ya ƙetare teku har Afirka ta Yamma. A bikin Soul to Soul da aka yi a Akara ranar 6 ga Maris 1971, Staple Singers na Stax da Wilson Pickett na cikin waɗanda suka hau dandali.

Ɗaya daga cikin 'yan wuraren da makaɗan Stax ke iya zama tare su huta shi ne masaukin Lorraine, mallakar baƙar fata, kuma a ɗakunansa aka tsara wasu fitattun waƙoƙin kamfanin. Sai masifu suka zo a jere. Ranar 10 ga Disamba 1967 jirgin Otis Redding ya faɗa wani tafki a Wiskonsin, ya mutu yana ɗan shekara 26. Ranar 1 ga Fabrairu 1968 motar shara ta matse ma'aikata biyu, Echol Cole da Robert Walker, da suka fake a cikinta saboda ruwan sama. Masu kwashe shara kimanin 1,300 suka shiga yajin aiki, Martin Luther King ya zo mara musu baya, ya yi jawabinsa na ƙarshe a cocin Mason Temple ranar 3 ga Afrilu, washegari da yamma aka harbe shi a barandar ɗaki mai lamba 306 na Lorraine. A shekarar ce kuma Stax ya gano cewa yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta mallaka wa kamfanin Atlantic tsofaffin faya-fayansa. Wani jami'in kamfanin, Al Bell, ya sake tayar da shi, mawaƙinsu Isaac Hayes ya ci kyautar Oscar a 1972, amma a 1975 kamfanin ya karye, a 1989 aka rushe ginin.

Yau Lorraine gidan tarihin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata ne, tun 1991, kuma ba ya da nisa da otal-otal ɗin tsakiyar birni. A filin Stax an gina gidan tarihi a 2003, kusa da shi akwai makarantar koyar da yaran unguwa kiɗa. Baƙon da zai iya ware rabin yini guda, waɗannan biyu ya kamata ya haɗa, don kowannensu na bayyana ɗayan. Wanda Lahadi ta riske shi a gari kuma yana iya jin mawaƙi Al Green, wanda ya yi suna a ɗakin ɗaukar kiɗa na Royal ƙarƙashin Willie Mitchell, a cocin da Green ɗin ya kafa a 1976, in an yi sa'a yana nan.

Akuya da sarewa

Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota kudu da Memfis, a tuddan arewacin Misisipi kusa da Senatobia, akwai wata al'ada da ta girmi Beale da Sun da Stax. Manoma baƙar fata kan taru a ƙarshen bazara, a yanka akuya a gasa, a yi kiɗan sarewa da ganguna har dare ya raba. Wanda aka fi sani da ita shi ne Otha Turner, manomi da ke yanko kara a bakin rafi, ya huda shi da ƙarfe mai zafi ya yi sarewarsa da kansa. Makaɗa ba sa hawa dandali. Cikin jama'a suke ratsawa, mai sarewa a gaba, masu ganga a baya, masu rawa sun kewaye su.

Masana sun daɗe suna tambayar daga ina wannan sauti da na blues suka taso. Paul Oliver a 1970, da Gerhard Kubik a littafinsa Africa and the Blues na 1999, sun karkata ga cewa ba gaɓar teku mai manyan ganguna ya kamata a duba ba, sai yankin savana, daga Senegal da Mali zuwa ƙasar Hausa da arewacin Kamaru, inda mawaƙi guda ke riƙe da molo ko goge yana jan murya yana lanƙwasa ta. Hujjarsu ita ce kamannin salo, da kuma cewa masu bayi a Amurka sun hana ganga a wurare da yawa amma sun bar kayan tsirkiya. Ra'ayi ne mai ƙarfi, ko da yake akwai masu ganin an cika nauyaya shi, tunda blues a Amurka aka haife shi, cikin wahalar Amurka. Turner da kansa ya yi faifai tare da makaɗan Senegal a 1999. Ya rasu a 2003, jikarsa Sharde Thomas ta gaji sarewar, kuma ita ke jagorantar taron gashin akuyar a kowace shekara wajen ƙarshen watan Agusta.